Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Faɗan Cikin Gida Da 'Yan'uwana Masihiyawa

Na san ma'abota wannan fili sun fi sabawa da ci gaban labarin da aka tsaya makon jiya, ko kuwa cacar baki a kan adabin kasuwar Kano, na kuma san mafi yawanku Musulmi ne. To yau sai ku yi mini haƙuri, aron tabarmarku zan yi in zauna in yi faɗan cikin gida. Ni Bahaushe ne Kirista, haifaffen wani ƙauye da ke tsakanin Makarfi da Ikara, irin mutanen nan da idan muka faɗi sunanmu a tasha sai a sake dubanmu a ce, "Kai kuwa ɗan wace ƙabila ne?" Da 'yan'uwana Masihiyawa zan yi faɗan, amma ban hana kowa saurare ba, don wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ai ya san abin da zai yi da nasa.

Abin da ya tunzura ni ya faru ne ranar Lahadin godiyar kaka da ta wuce, a majami'ar ƙauyenmu. Wanda bai taɓa halarta ba, rana ce da kowane gida ke kawo wani abu daga amfanin gonarsa ya ajiye a gaban bagade: wannan damin dawa, wancan buhun masara, wata kwandon barkono, wata kaza ɗaure da tsumma. 'Yan zumuntar mata suna gaba da anko da tulunansu na kiɗa, ana rausaya ana shiga da kaya. Tun ina yaro babu ranar da nake so kamarta. Bayan sujada sai a yi gwanjon kayan, kuɗin ya shiga asusun ikkilisiya.

Da aka zo kan wani damin rake, wanda ko a kasuwar Makarfi ba zai wuce kuɗin cefanen kwana biyu ba, sai babban baƙo na musamman ya miƙe ya saye shi a kan kuɗin da zai sayi ɗan maraƙi. Majami'a ta ɗauki guɗa da tafi. Mai gabatarwa ya kira shi ginshiƙin aikin Ubangiji, aka sa shi ya durƙusa aka ɗora masa hannu, aka roƙa masa ninkin abin da ya bayar sau ɗari.

Mutumin nan ɗan ikkilisiyarmu ne, babu wanda bai san sana'arsa ba. Idan damina ta faɗi, talaka ya rasa kuɗin taki, shi ne mai ba da buhu ɗaya a kan a biya shi da buhunan masara da kaka, a farashin da shi kaɗai ya yanka, lokacin da masara ba ta da daraja. Ya kimshe ta a rumbunsa har bazara ta yi nisa, sannan ya sayar wa waɗanda suka noma ta a kan ninkin kuɗin. Rabin masu tafin nan bashinsa ne a wuyansu. Biyu daga cikin dattawan ikkilisiya ma haka.

A wannan rana kuma, can bencin baya kusa da ƙofa, akwai wata gwauruwa zaune ita kaɗai. Dattawa sun sa ta a horo na wata shida, ba ta cin jibin Ubangiji, ba ta shiga sahun zumunta, saboda an kama ta tana dafa burukutu tana sayarwa don ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta uku. Kada a fahimce ni a karkace, ban zo kare burukutu ba, na ga gidajen da ya rusa a ƙasarmu, har da na danginmu. Tambayata ita ce, da wane mudu aka auna ta, da wane aka auna shi?

Duk Lahadi sai an yi mana wa'azi a kan son duniya. Sai dai idan mai wa'azinmu ya ce "duniya", abin da yake nufi bai wuce uku ko huɗu ba: giya, zina, siket ɗin 'yammata, sai kuma wayar hannu da ta shigo daga baya. Zunuban da ba su da kuɗin sayen damin rake ke nan. Alhali a Bisharar Matta sura ta 6, inda Yesu ya yi maganar bawa mai iyayengiji biyu, ya nuna dole ɗayansu ya sha ƙasa, da ya tashi ambaton wanda ke takara da Allah a zuciyar mutum bai kira sunan giya ba, bai ma kira Shaiɗan ba. Dukiya ya ambata. Mu kuwa mun ɗauko wannan ɗan takara mun ba shi kujera mai laushi a gaban majami'a, muka sa masa fanka.

Ku da kuke karanta littattafan Hausa kun fi kowa sanin namijin nan mai mata biyu da ke rantsuwa da girman Allah cewa yana adalci. Kwana biyu nan, kwana biyu can, atamfa iri ɗaya, kuɗin cefane daidai. Amma kowa a gidan, har kajin tsakar gida, ya san wace ce mowa wace ce bora. Ba a rabon kwana ake ganewa ba, a ranar da su biyun suka yi saɓani ake ganin inda maigida zai karkata. To haka rayuwar Kirista da yawa take a yau, ni ma ban cire kaina ba. Allah yana da kwanansa: Lahadi da safe, Laraba da yamma, wani lokaci har da addu'ar dare. Ba ma tauye masa baiko. Amma ranar da maganarsa ta ci karo da riba, ranar da za a zuba ruɓaɓɓen tumatir a gindin kwando a yi masa fuska da mai kyau, ranar da za a dafe gindin tiya, ranar da kansila zai ce a sa hannu a takardar aikin da ba a yi ba, sai a ce masa ya yi haƙuri yau ba kwanansa ba ne. Kuma ya riga ya faɗa tun a Dokoki Goma cewa shi ba ya zaman kishi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mu mutanen wannan yanki ba mu da uzurin cewa ba mu ga misali ba. Bangaskiyar nan ba a mota ta zo mana ba.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda ba su san tarihin ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, a ƙarni na 19, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim wanda karatunsa ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa fiye da yadda malaman zamaninsa za su lamunta. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu, wasu suka nufi Ningi, wasu suka zauna a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Ba su da majami'a, ba su da Bature, ba su da Littafi Mai Tsarki. A 1913 ne wasu daga cikin zuriyarsu suka iske Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a birnin Zariya. Daga wannan haɗuwa aka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, a ƙarƙashin kulawar wani limami baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson. Mutane suka bar gonakin gado da dangi suka tare a can. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, har ya zama dole waɗanda suka rage su tashi. Su da 'ya'yansu suna cikin waɗanda suka zama tushen jama'ar Wusasa, inda mishan ɗin ta koma daga cikin birni a 1929.

Yanzu ina so ku ɗauko mai wa'azin zamani, irin wanda ke zuwa mana daga Kaduna ko Abuja da janareto da lasifika da fosta mai hotonsa da na uwargidansa, ku tsayar da shi a gaban kaburburan Gimi. Me zai ce? A ma'auninsa, wanda ya bi Allah da gaske ba ya ciwo, ba ya talauci, ba ya mutuwa da ƙuruciya. Ashe ke nan mutanen Gimi bangaskiyarsu ce ta gaza? Ko iri ne ba su shuka da yawa ba? Mutanen da suka ba da duk abin da suka mallaka, aka biya su da ƙudan tsando, amma waɗanda suka tsira ba su juya baya ba. Duk koyarwar da ba za ta iya tsayawa a gaban waɗannan kaburbura ba tare da ta zage su ba, ni kam ban ga dalilin da zai sa a ba ta bagadenmu ba.

Wannan koyarwa ta "ka ba Allah ɗaya ya mayar maka da ɗari" tana da tarihinta, ba daga sama ta faɗo ba. A Amurka aka rene ta. Oral Roberts ne ya yayata batun shuka iri da kuɗi, har ya rubuta littafi a kai a 1970. A Nijeriya kuwa Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998, shi ne ya fi kowa buɗe mata ƙofa. Ta samu ƙasa mai taushi bayan 1986, lokacin da tsarin SAP na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, albashi ya daina kai wa ƙarshen wata, daga baya masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da gwamnati ta yasar, asibiti ba magani, makaranta ba malami, idan aka ce masa ga hanyar da zai yi arziki cikin kwana arba'in, ba wauta ce ta sa ya saurara ba, yunwa ce. Ban ga laifinsa sosai ba. Laifin na wanda ya ga yunwar ya mayar da ita jari ne.

Kuma ba ni kaɗai ne mai wannan ƙorafi ba. Kenneth Hagin, wanda ake ɗauka uba ne a wannan tafiya, kafin rasuwarsa sai da ya fitar da littafi a 2000 yana tsawata wa almajiransa a kan wuce gona da iri wajen tatsar jama'a. Malaman tauhidi na Afirka da suka zauna a Akropong ta ƙasar Gana a ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne sun fitar da matsaya a 2009 suna sukar koyarwar da kakkausar murya. Masu abin sun fara ja da baya, mu 'yan karɓa a ƙauye yanzu muke ɗaura ɗamara.

Wani zai ce ai mu ba 'yan irin waɗancan majami'u ba ne, mu 'yan Angilika ne, ko ECWA, ko Baptis, ko HEKAN, ko Katolika. Haka ne a kan allon da ke bakin hanya. Amma ku saurari addu'o'inmu. Yaushe rabon da ku ji an roƙi Allah ya ba mu zuciyar da za ta ƙoshi da abin da ta samu? Addu'ar yau duk buɗi ce, da ɗaukaka, da cin nasara a kan maƙiya, maƙiyan nan kuwa idan ka bincika kishiyar uwa ce ko ɗan'uban da ake rigimar gona da shi. Tsofaffin majami'u sun ga matasa na gudu zuwa inda ake alkawarin mota, sai su ma suka shiga gasar. Yau ƙaddamar da asusun gini, gobe ƙaddamar da kalanda, jibi ƙaddamar da motar fasto, kowanne da babban mai ƙaddamarwa da mataimakansa, ana kiran suna da adadi a lasifika don wanda ya ba da kaɗan ya ji kunya. Wasiƙar Yakubu sura ta 2 ta yi maganar wannan ɗabi'a ƙarara, ta ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau a bar matalauci a tsaye. Muna karanta ta da Hausa tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Ba fassara ce ta yi mana wuya ba.

Akwai wani abin da na daɗe ina tunani, wanda na san zai ɓata wa wasu rai. Da yawa daga cikinmu a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan jikokin Maguzawa ne, ni ma haka. Kakanninmu suna da tsarinsu da iskoki: ka yanka wa Uwar Gona abin da take so, ta ba ka damina mai albarka, ka saɓa, ta kama ka. Ciniki ne a fili, ba munafunci, ba kuma wanda ya ce ƙauna ce. Da iyayenmu suka karɓi bishara, babban abin da aka ce musu shi ne an gama wannan ciniki, Allah ba ya sayar da alherinsa, kyauta yake bayarwa. Suka ƙone layu, suka rushe wuraren tsafi, wasunsu dangi suka juya musu baya a kan haka. Yau ga jikokinsu an ce su sa kuɗi a ambulan su rubuta buƙatarsu a baya, a ba su man zaitun a kwalba da hankici da sitika ta liƙawa a ƙofa don korar mayu. Ku gaya mini bambancin wannan da laya, ban da cewa wannan an buga ta a injin. Boka ya sa kwat ne kawai. Shi ya sa ba na mamaki idan na ji dattijon ikkilisiya ya je addu'ar dare ranar Juma'a, ranar Asabar kuma an gan shi a bayan gari wurin mai duba. A wurinsa ba saɓani, shago biyu ne masu sayar da kaya iri ɗaya, yana gwada wanda ya fi ci. Siman mai sihiri da ke cikin Ayyukan Manzanni sura ta 8 ya taɓa miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sayi baiwar Allah, kowa ya san irin amsar da ya samu. A yau da za a ba shi rasit.

Na san abin da za a mayar mini, don an sha faɗa mini a fuska. Za a ce, "Kai malam, kana zaune a birni kana cin albashi, kana so mu mu dawwama a talauci? Mu da aka bari a baya, ba mu da manya a gwamnati, filin gina majami'a ma sai mun sha wuya, idan ɗaya daga cikinmu ya samu sai ka bi shi da zagi?" Wannan magana tana da nauyi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Talauci ba tsarki ba ne. Na ga matar da ta mutu a kan naƙuda don babu kuɗin mota zuwa Zariya, babu wani abin ɗaukaka Allah a cikin wannan. Ina so yaranmu su yi karatu, ina so manomin rake na Kudan da mai tumatir na Ikara su sayar da kayansu da daraja, su yi rufin kwano, su sayi babur. Wanda ya ce Kirista kada ya nemi na kansa ƙarya yake yi, Bulus ma da saƙar tanti ya ci abinci.

Amma ku dubi mutanen da Wusasa ta fitar, su ai ba matalauta ba ne. Dokta R. A. B. Dikko shi ne likitan zamani na farko daga Arewa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau nan kusa da mu a 1927, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya yi ministan harkokin waje a jamhuriya ta biyu. Duk wata kujera da ɗan Arewa ke mafarki ya zauna a kanta. Da aka yi juyin mulkin ƙarshen 1983 har tsare shi aka yi. Da ya fito, Samaru ya koma yana duba marasa lafiya yana kuma aikin fasto, har ya rasu a 2005. Ba ina cewa waliyyi ba ne, ɗan Adam ne kamar kowa. Abin da nake nunawa shi ne, zuriyar nan sun nemi ilimi da muƙami, sun kuma samu, amma an tarbiyyantar da su a kan cewa abin da ka samu na hidima ne. Makaranta da asibiti mishan ta fara ginawa a Wusasa, ba gidan fasto mai hawa biyu ba. Yau idan ɗanmu ya samu kujera, tambayar farko da ikkilisiya ke yi masa ita ce nawa zai bayar ranar ƙaddamarwa. Ba mai tambayarsa daga ina.

Tun da a filin adabi muke, bari in tuna muku cewa ɗaya daga cikin littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa, Jiki Magayi, ɗan Wusasa ne John Tafida ya rubuta shi tare da R. M. East a shekarun 1930. Me ke cikinsa? Attajiri ya yi amfani da dukiyarsa ya raba saurayi da budurwar da yake so, abin ya zama gaba, gabar ta cinye har ɗan da aka haifa. Tun wancan lokaci marubucinmu ya ga abin da kuɗi ke yi idan aka sakar masa linzami. Ban san ko 'yan kwayarmu na yau sun taɓa jin sunan littafin ba. (A nan zan ɗan yi wa 'yan'uwana marubuta tsiya: littattafanmu na soyayya nawa ne jarumin ba ɗan Alhaji mai kamfani ba ne da ya dawo daga Ingila? Mowar nan ba a majami'a kaɗai take da ɗaki ba.)

Lokacin zaɓe kuwa ba a magana. Duk wanda ya ga yadda aka yi a 2019 da 2023 ya san yadda 'yan takara ke zagaya wuraren ibada, da buhunan shinkafa da atamfa da katan na taliya. Shugabanninmu na addini su yi layi a gidan gwamnati ko gidan ɗan takara da sunan ziyarar ban girma, su fito da ambulan, ranar Lahadi a ce mana an yi addu'a Ubangiji ya nuna wane. Idan ɗayan ɓangaren ya ƙara kuɗi, sai Ubangiji ya sake nunawa. Gehazi bawan Elisha sau ɗaya ya bi Na'aman a guje ya karɓi abin da ubangidansa ya ƙi karɓa, ya kwashi kuturta. Namu sun mayar da gudun nan motsa jiki na kowace shekara huɗu. Bayan zaɓe hanyar ƙauyen tana nan yadda take, asibitin ba ma'aikaci, kuma bakin da ya ci ba ya iya tsawatawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada in yi ta nuna yatsa kamar ni na tsira. Shekarun baya, lokacin da aka yi yayin wani tsarin ninka kuɗi ta intanet, wani abokina a ƙungiyar matasan ikkilisiya ya kawo mini shi, ya ce mutanen Allah ne ke ciki, taimakon juna ne. Na san lissafi, na san babu gonar da ke ba da irin wannan amfani a wata guda, na kuma san ribar da za a ba ni kuɗin wani ne da zai shigo bayana. Duk da haka na kwashi kuɗin da na tara don rufin ɗakin mahaifiyata na zuba. Abin da ya fi ba ni kunya har yau ba asarar ba ce. Kafin in tura kuɗin sai da na durƙusa na yi addu'a, na yi wa Allah alkawarin zakkarsa idan abin ya fito. Wato na san hanyar ba ta da kyau, sai na nemi in sa shi a cikin hannun jari don ya rufe ido. Tsohuwa ta sake yin damina guda tana tara ruwa da roba a tsakar ɗaki. Da na gaya mata gaskiya ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, taura biyu ka sa a baki."

Saboda haka da na tashi yin magana a taron ikkilisiya bayan godiyar kakar nan, ba daga kan tudu na yi ta ba. Abin da na roƙa kaɗan ne. Na ce a daina kiran suna da adadi a lasifika, kowa ya sa baikonsa a rufe yadda aka umarce mu. Na ce a riƙa karanta lissafin asusun ikkilisiya a fili duk wata uku, shiga da fita. Na ce idan horo na nan, to ya hau kan mai ba da bashi da ruwa da mai ɓoye hatsi kamar yadda yake hawa kan mai burukutu, in kuwa ba zai hau kansu ba a sauke shi daga kan gwauraye. Na kuma ce daga cikin hatsin godiya a ware wani kaso a rumbun ikkilisiya, a ranta wa mabukata da damina buhu a mayar da buhu, don kada yunwa ta riƙa kora 'yan'uwanmu hannun mai cin su.

Wani dattijo, wanda ya girmi mahaifina, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, maganarka gaskiya ce, amma idan mutumin nan ya yi fushi wa zai ƙarasa mana rufin majami'a?" Ban raina shi ba, don aƙalla shi ya faɗi abin da sauran ke ɓoyewa. Na ce, "Baba, iyayenku a gindin tsamiya suka fara sujada." Ya ce wancan zamani daban. Aka ce za a kafa kwamiti.

Gwauruwar nan horonta ya ƙare bayan Ista, ta koma sahun zumunta. Ta daina burukutu, ta koma sayar da ƙosai a bakin hanya, babbar 'yarta kuma ta bar makaranta tana taya ta. Damin raken nan ma mai shi bai ɗauka ba, a harabar majami'a ya bar shi, yaran makarantar Lahadi suka shanye. Da damina ta faɗi na je gida, na ga layin masu karɓar taki a ƙofar gidansa ya fi na bara tsawo. Kwamitin bai zauna ba tukuna, amma an riga an kai katin gayyatar godiyar kaka mai zuwa wurin bugawa a Zariya, kuma na ga sunan da ke sama.